Jiniyar layinmu a Agege: ta gobara ce ko ta murna?

Maman Sadiƙ: Assalamu alaikum jama'ar layi. Yau kam ba zan yi shiru ba. Ƙarfe 2 da 'yan mintoci na dare jiniya ta ɗauki kuka ba ƙaƙƙautawa. Na suri Sadiƙ daga kan katifa ko zani ban ɗaura da kyau ba. Hajiya surukata ta fito babu takalmi, wajen tsallake kwatar ƙofar gida santsi ya kwashe ta, yanzu haka gwiwarta ta kumbura, sallar asuba a zaune ta yi ta. Muna isa bakin get sai ga samari suna tafi da shewa, wai an gyara taransifoma, wuta ta dawo bayan kwana tara. Da aka zo karɓar kuɗinmu cewa aka yi jiniyar ta gobara ce da 'yan fashi. Makon jiya an kunna ta don taron kwamiti, ranar Alhamis an kunna don masu shaguna su fito shara. Wallahi wannan ƙauyanci ne. Ranar da wuta ta tashi da gaske wa zai fito?

Ɗan Illela mai albasa: Allah Ya ba Hajiya lafiya. Amma baiwar Allah, su wa kike kira ƙauyawa? Fito fili ki faɗa.

Baban Hanifa: Ai ba ta kama sunan kowa ba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Ɗan Illela mai albasa: To ni ne mai kazar. Mun gaji da wannan rainin. Duk abin da ya lalace a layin nan sai a ce 'yan ci-rani ne. Albasar da kuke jefawa a miya daga Illela da Aliero take tasowa kafin a sauke ta a kasuwar Mile 12 ta nan Legas. Ranar da ƙauyawan suka daina lodi mu ga abin da 'yan birni za su dafa.

Baban Hanifa: Kakana a Agegen nan ya yi fataucin goro, nan aka binne shi. Ba mu taɓa tayar da unguwa tsakar dare don an kawo wuta ba.

Malam Ladan: Jama'a a yi hattara da harshe. Ƙauyanci hali ne, ba wurin haihuwa ba. Akwai wanda aka haifa a Obalende amma bai san ya yi sallama kafin ya shiga gidan mutane ba.

Sani Obalende: Malam, da girmanka. Me ya kawo Obalende cikin maganar nan? Mu biyu ne kacal daga can a layin nan, kowa ya san da wa kake.

Malam Ladan: Misali na buga, ɗana.

Anti Ladi mai ɗinki: Ku maza kun iya kauce hanya. Tsohuwa na kwance da ciwo kuna faɗa a kan kalma. Ni ina da shekara goma sha ɗaya ranar 27 ga Janairun 2002 da bama-bamai suka tashi a barikin sojoji na Ikeja. Sama da mutum 1,000 suka rasu, kuma mafi yawansu ba bam ne ya same su ba, gudun tsira ne ya kai su cikin ruwan Oke-Afa da ganye ya rufe samansa, suka ɗauka ƙasa ce. Hajiya ta ga wannan rana. Wanda ya ga haka, in ya ji ƙara cikin dare ba ya tsayawa neman takalmi.

Ɗan Illela mai albasa: Anti ba wanda ya musa wannan. Ni dai a janye kalmar.

Auwalu Injiniya: Ni ba na cikin waɗanda suka kunna, amma a yi adalci. Na'urar da ba a gwadawa mutuwa take yi, batirin ya sauka ba wanda ya sani. A Japan garuruwa da yawa kullum ƙarfe 5 na yamma sai sun kunna lasifikokin gargaɗinsu don a tabbatar suna aiki. Su ma ƙauyawa ne?

Anti Ladi mai ɗinki: Kiɗa mai sanyi suke sakawa Auwalu, kuma ƙarfe 5 na yamma ka ce da bakinka.

Sani Obalende: “Ba na cikinsu”, alhali ɗan makullin akwatin jiniyar a shagonka yake rataye.

Auwalu Injiniya: Kawo shaida.

Sani Obalende: An faɗa mini.

Direban Tanka: Fashola shekara takwas ya yi yana gwamnan jihar nan, daga 2007 zuwa 2015, bai yarda a yi masa jiniya a hanya ba. Gwamna guda ya haƙura da ita, mu kuma don fanka ta juya sai mu tashi jarirai.

Alhaji Mai Buhu: An fara kamfen ke nan. Ka tambayi 'yan acaɓa yadda suka ji a zamaninsa kafin ka zo kana yabo.

Direban Tanka: Alhaji ni ba ɗan jam'iyyar kowa ba ne. Tunda ka sako baki, ₦2,000 da kowane gida ya bayar na sabon batir, kai ne ma'aji, har yau ba mu ga rasit ba.

Alhaji Mai Buhu: Yaro, na girmi babanka. Littafin kuɗi yana nan, wanda ke da ƙafa ya zo ya duba. Gidan da kake haya ma rabin kuɗin suka bayar.

Direban Tanka: Ka tambayi mai gidan, ni na ba da nawa cif.

Baban Hanifa: Shi ya sa na ce tun farko aikin nan a bar shi hannun waɗanda suka san garin. Maƙwabtanmu Yarabawa na bayan layi da asuba suka zo tambaya ko lafiya. Idan ɗaya ya kai ƙara LASEPA, hukumar kare muhalli ta jihar Legas, fa? Hukumar da ke garƙame coci da masallaci a kan hayaniya, jiniyar layi ce za ta gagare ta?

Ɗan Illela mai albasa: Kun ji ko? “Waɗanda suka san garin.” Maganar dai ita ce, an sake mata riga.

Maman Sadiƙ: Ni tambayata ɗaya ce tun safe, ba wanda ya amsa. Wa ya kunna, kuma wa ya ba shi makulli?

Sakataren Kwamiti: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Na karanta komai daga sama har ƙasa. Abin da na fahimta, akasarin jama'a sun yarda cewa kalmar ƙauyanci ce ta ɓata zance, don haka muna roƙon ƙanwarmu Maman Sadiƙ ta janye ta a zauna lafiya. Yaran da suka kunna murna ce ta ɗebe su, kwana tara cikin duhu da zafin nan ba wasa ba ne, kuma ba mu ga amfanin kama suna ba. Bayanin Injiniya ya gamsar, ko ba komai yanzu mun tabbatar jiniyarmu lafiyarta ƙalau. Batun rasit ba nan ne wurinsa ba, Alhaji dattijo ne, shekara da shekaru yana riƙe mana amana. Daga yau gajeren kuka sau ɗaya na taro ne ko shara, mai tsawo kuma na gobara ko ɓarayi, wanda ya ji shi ya kira lambar agajin gaggawa, 112 ko 767. Makulli zai ci gaba da zama inda yake. Kwamiti zai je duba Hajiya bayan la'asar. Na rufe tura saƙo sai bayan isha'i.