Iyaye mata da suka kai kukan ruwa da ƙasa gaban hukuma: ku ba mu labari

Maman Biyu, Yamai:
Assalamu alaikum iyayena da ƴan uwa. Ƙungiyarmu ta asusu za ta tura mata uku taron unguwa kan magudanan ruwa kafin damina ta faɗi. In ambaliya ta zo, mu ne da goyon yara da kwashe tukwane, amma ranar yanke shawara sai a ce mu aiko da saƙo. Duk wadda ta taɓa tsayawa gaban mai unguwa ko ma'aikatan gwamnati a kan ruwa, itace ko gona, don Allah ta gaya mana yadda ta yi har aka saurare ta.

Hajiya ta Lamorde:
Wa alaikumus salam ɗiyata. A watan Satumba na 2020 kogin Isa ya karya shingen da ke kare unguwarmu ta Lamorde a nan Yamai, muka kwana a ajin lakkol da tabarmi jiƙaƙƙu. Da masu rubuta sunaye suka zo, magidanta kawai suke tambaya. Wadda mijinta ya rasu, da wadda nata ke tafiya, babu su a takarda, alhali su ne da yara a hannu. Sai muka karɓi littafin rubutu na wata jikata, muka bi aji aji: sunan mace, yaranta nawa, wa ke da ciki, wa ke shayarwa. Muka ɗauki littafin muka kai wa mai unguwa, muka ce shi zai shige mana gaba. A gabanmu aka ƙara sunayen. Kuka kowa ya iya, Maman Biyu, ku tafi da rubutu. A 2024, shekarar da ruwa ya sa aka ɗage komawa lakkol zuwa 28 ga Oktoba, matan wata unguwa sun zo har gida suna tambayata yadda muka tsara littafin.

Inna ta Keita:
Ni ƴata ce ke rubuta mini. Ina amarya aka fara aikin raya ƙasa na Keita a 1984, da taimakon Italiya da FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Maza sun tafi cin rani Abijan, mu mata muka ɗauki duwatsu a ka, muka haƙa ramuka a jikin tsauni, ana biyanmu da abinci. Yau ku zo ku ga itatuwa inda da ko akuya ba ta tsayawa. Amma ga abin da har yanzu yake ci mini rai: fakon da babu mai so, da ya soma ba da hatsi, sai ga masu shi sun fito, kowa da labarin kakansa. Mu da muka raya shi ba a kira mu zaman rabo ba. Kada ku sa hauya a ƙasar aro sai da takarda.

Ƴar Illela:
Gaskiyarki Inna. Mu da za mu haƙa ramukan tara ruwan sama, wato tassa da masu siffar rabin wata, a wani fako, sai da muka je wurin kwamitin filaye na gari, maigari ya sa hannu, aka rubuta shekarun aro. Sai dai takarda ba ta hana surutu. Abin da ya rufe bakin mutane shi ne mun tafi da uwargidan liman.

Malamar firamare, Tawa:
Yaya, a san haƙƙi kafin a shiga ɗaki. Dokar kason mata ta 2000 an gyara ta a 2019, ta kai kashi 25 cikin ɗari na kujerun zaɓe, kashi 30 na muƙaman naɗi. Mata da yawa da suka zama kansiloli a asusun Mata Masu Dubara suka koyi magana a bainar jama'a, tsarin da ƙungiyar agaji ta CARE ta fara a Maradi a 1991. Tun Afrilun 2024 da aka rushe majalisun ƙananan hukumomi, shugabannin da aka naɗa ne ke riƙe da su, don haka wurinsu za ku kai takarda. Ku yi kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimi ku koma da ita gida. Kuma buƙata ɗaya tak. Mu mun nemi a hana saran gawo a gonakin gefen gari, ba mu haɗa da rijiya ko injin niƙa ba, duk da muna son su.

Maman Biyu, Yamai:
Allah ya saka da alheri. To tamu buƙatar ita ce a yashe babbar magudanar da leda ta toshe kafin watan Yuni, tunda dokar hana leda tana nan tun 2014. Gobe za mu fara rubuta gidajen da ruwa ya shiga bara. Hajiya, a littafinku kun sa masu haya, ko masu gida kawai?

Hajiya ta Lamorde:
Har da masu haya. Su ne ma a ɗakunan da suka fi kwari.