Tambaya kan rarrabe kitsen man gyaɗa da kiromatogirafi mai hawa biyu

Ɗalibar Kimiyya:
Assalamu alaikum malamai. Ina nazarin man gyaɗa da ake zargin an gauraya shi da manja, kuma da bututun rarrabewa na C18 nake aiki a na'urar HPLC, wadda ke tura samfur cikin bututu da ruwa mai matsi don rarrabe abubuwan da ke cikinsa. Matsalata ita ce tudun da na'urar ke zanawa na kitsen OOO da POO da POP (kowane harafi asid ɗaya ne a jikin kitsen: O oliyik, P falmitik) suna fitowa a cunkushe, har ba na iya auna kowanne daban. Shin ƙara hawa na biyu, wato sake rarrabe samfurin a wani bututu daban, zai warware wannan, ko bututun ne ya gaji?

Malamin Ɗakin Gwaji:
Wa alaikumus salam. 'Yata, kada ki yi saurin ɗora wa bututun laifi. C18 yana rarrabewa ne bisa yawan kabon bayan an cire biyu kan kowane tagwayen haɗi, wato haɗi biyu tsakanin kabon da kabon. OOO yana da kabon 54 da tagwayen haɗi 3, POO 52 da 2, POP kuwa 50 da 1, don haka dukkansu a 48 suke tsayawa, shi ya sa suke fitowa kafaɗa da kafaɗa. Abin da ya dace shi ne ki fara da bututu mai azurfa, domin azurfa tana riƙe tagwayen haɗi, wanda ya fi yawansu shi ne zai fi jinkirin fitowa. Daga nan sai ki tura kowane kaso zuwa C18 a matsayin hawa na biyu.

Mai Gyaran Na'ura:
Malam ya faɗi gaskiya, sai dai ruwan narkarwar hawan biyu ba sa jituwa. Na farko hekzen ne da ɗigon asetonaitiril, na biyu kuwa asetonaitiril ne da aisofirofanol, kuma idan aka zuba hekzen mai yawa cikin C18 kai tsaye, tudun sukan baje su lalace. Ni dai shawarata, ki tara kowane kaso a kwalba, ki busar da shi da iskar naitirojin, sannan ki sake narkar da shi. Aikin yana cin lokaci, amma ba ya buƙatar sayen bawul ɗin da ke haɗa bututun biyu kai tsaye.

Ɗalibar Kimiyya:
Na gode. Wani ya ce mini GC×GC, wato rarrabewa mai hawa biyu da iskar gas maimakon ruwa, ya fi sauri.

Malamin Ɗakin Gwaji:
Wannan hanya, wadda masana Liu da Phillips suka gabatar a 1991, tana da kyau ƙwarai wajen asid na kitse, amma yawanci sai an farfasa kitsen an mayar da shi mesil esta, wato nau'in da ke saurin zama tururi, tukuna. Da zarar kin yi haka, ba za ki ƙara sanin ko falmitik ɗin daga POP ya fito ko daga POO ba, alhali yawan POP ne zai tona asirin manjan.