Ina iyakar zambo a lokacin zaɓen fid da gwani na shugaban ƙasa?

Ɗalibar Samaru:

Assalamu alaikum. Iyayena da yayyena, ina da tambayar da ta daɗe tana damuna, kuma ina fatan waɗanda suka riga ni ganin siyasa za su warware mini ita. A lokacin zaɓukan fid da gwani na 2022, da Atiku Abubakar ya sami tikitin PDP a ƙarshen watan Mayu, Bola Tinubu kuma ya sami na APC a farkon watan Yuni, jami'o'inmu suna rufe saboda yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU, wanda sai da ya ci wata takwas kafin a janye shi. Duk da haka, abin da ya cika Facebook da TikTok da WhatsApp ba muhawara ba ce a kan ilimi ko tsaro ko tsadar abinci. Hotuna ne da aka jirkita, da gajerun bidiyo, da laƙabai na wulaƙanci. Wannan ana yi masa dariya saboda tsufa da rawar hannu, wancan ana cewa ba a san asalinsa ba, wani kuma ana sa shakka a kan addininsa ko ana zagin ƙabilarsa baki ɗaya. Idan mutum ya nuna rashin jin daɗi, sai a ce masa wasa ne, ai Bahaushe ya gaji zambo da habaici, kuma duk wanda ya shiga siyasa ya shirya wa baƙar magana.

Shin akwai iyaka tsakanin zambon siyasa da ƙiyayya ta ƙabila ko addini, kuma ta yaya ake gane ta? Sannan ya dace hukuma ta sa baki, ko kuwa hakan zai zama toshe bakin talaka?

Dattijon Tudun Wada:

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya yi miki albarka. Masu ce miki Bahaushe ya gaji zambo sun faɗi gaskiya, amma sun ɓoye miki rabinta, domin zambon da muka gada yana da sharuɗɗa. Wasan da ke tsakaninmu Zagezagi da Kanawa, ko tsakanin Fulani da Barebari, ana yin sa ne gaba da gaba, kowa ya san wanda ya faɗa, kuma wanda aka tsokana yana da damar ramawa nan take. In magana ta yi nisa, akwai babba a wurin da zai ce ya isa. Haka kuma tashen da yara ke yi a watan azumi yana kwaikwayon hali ne, irin su rowa da son banza, ba ya kama sunan gidan wani.

A siyasa ma zambo ya yi wa talaka rana. Bayan kafa jam'iyyar adawa ta NEPU a Kano a 1950, mutanen da ba su da jarida kuma ba su da fada a majalisar sarki, da waƙa da habaici suka riƙa kai kukansu game da haraji da jangali da aikin tilas. Amma tun a wancan zamanin an ga ɗaya fuskar, domin akwai waɗanda suka riƙa jifan 'yan adawa da rashin addini da rashin asali, har gaba ta shiga tsakanin 'yan gida ɗaya, aure ya mutu saboda jam'iyya. Saboda haka matsalar ba intanet ce ta kawo ta ba.

Ma'aunin da nake amfani da shi shi ne, zambo yana dukan abin da mutum ya aikata da zaɓinsa, ƙiyayya kuwa tana dukan abin da aka haife shi da shi. A 2022 APC ta sayar da fom ɗin takarar shugaban ƙasa naira miliyan 100, PDP ta sayar da nata miliyan 40, alhali mafi ƙarancin albashi a lokacin naira 30,000 ne. Duk wanda ya yi wa wannan ba'a, ko ya yi ba'a ga yadda ake zawarcin deleget a otal-otal na Abuja a daren zaɓe, ya yi aikin ɗan ƙasa nagari, kuma ni ina tare da shi. Amma wanda ya ce kada a zaɓi wane saboda Bayarabe ne ko Ibo ne ko Bafulatani ne, ya bar ɗan takara ya koma kan miliyoyin mutanen da ba su sayi fom ba. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, ta kuma hana jifan juna da miyagun laƙabai, ban kuwa san inda aka keɓe lokacin kamfe daga wannan hani ba.

Malamar Kongo:

Baba, Allah ya ƙara girma. Na yarda da ma'auninka, sai dai ina ganin yana auna niyyar mai magana ne, alhali a intanet niyya ba ta bin hoto zuwa inda ya je. Misalin da ya fi bayyana wannan ya faru ne a Amurka a 2008. A watan Fabrairu, ana tsakiyar takarar fid da gwani ta jam'iyyar Democrat tsakanin Barack Obama da Hillary Clinton, aka baza wani hoton Obama sanye da rawani da tufafin dattawan Somaliyawa, wanda aka ɗauka lokacin da ya ziyarci Wajir a arewa maso gabashin Kenya a 2006. Hoton na gaskiya ne, amma an yaɗa shi ne domin a cusa wa masu zaɓe tunanin cewa shi Musulmi ne a ɓoye, saboda haka abin tsoro ne. A watan Yuli kuma mujallar The New Yorker ta buga zane a bangonta, inda aka nuna Obama da rawani a ofishin shugaban ƙasa, matarsa rataye da bindiga, hoton Usama bin Ladan a jikin bango, tutar Amurka tana ci da wuta. Mujallar ta ce masu yaɗa jita-jitar take yi wa ba'a, kuma na gaskata ta. Amma da zanen ya bar hannun masu karanta mujallar, sai ya zama kayan aiki ga waɗanda aka so a kunyata, har kwamitin kamfen na Obama da na abokin hamayyarsa na jam'iyyar Republican, John McCain, duka suka yi tir da shi.

Mu ma mun ga irinsa. Maganar cewa Buhari ya rasu an musanya shi da wani Jibrin daga Sudan, da yawan masu tura ta dariya suke yi, amma ta yi ta yawo har wasu suka gaskata, sai da shugaban ƙasa da kansa ya musanta ta a Poland a watan Disamba na 2018.

Abin da ya sa lokacin fid da gwani ya fi haɗari, a ganina, shi ne 'yan takarar jam'iyya ɗaya ba su da wani babban bambanci na manufa da za su yi jayayya a kansa, saboda haka magoya bayansu sai su koma kan shiyya da addini da asali. Zagin da 'yan gida suka ƙera a watan Mayu, shi abokan hamayya ke ɗauka su yi aiki da shi har ranar babban zaɓe, suna kafa hujja da cewa ai 'yan jam'iyyarsa ne suka fara faɗa.

Game da hukuma, ƙanwata, ina ba ki shawarar ki yi hattara da wannan fata. Sashe na 92 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya hana kamfe da kalaman da za su taɓa addini ko ƙabila ko shiyya, amma manyan da ke furta irin waɗannan kalamai a kan dandamali ba su ne ake gurfanarwa ba. A watan Nuwamba na 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa matasa biyu masu barkwanci a TikTok bulala 20 kowannensu, da tara, da sharar harabar kotu, saboda bidiyon da suka yi a kan gwamnan jihar na lokacin. A cikin wannan wata na Nuwamba dai aka kama wani ɗalibin jami'a saboda rubutun da ya yi a Twitter game da uwargidan shugaban ƙasa na lokacin, sai da ƙungiyoyin ɗalibai suka tayar da jijiyar wuya aka janye ƙarar. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya daɗe ana kama 'yan jarida da shi kafin a yi masa gyara a 2024. Idan aka ƙara wa hukuma ƙarfi a wannan fage, zambon da Baba ya yaba shi za a fara murƙushewa, wanda ya la'anta kuma ya ci gaba.

Ɗan Wusasa:

Ina gaishe ku, Baba da Malama. Ni Bahaushe ne Kirista, iyayena da kakannina a nan Zazzau aka haife su, saboda haka ba'ar ɓangarorin biyu duk tana sauka a kaina. Idan 'yan Kudu suka zana ɗan Arewa a matsayin jahili mai bin shanu wanda ake saye da taliya, da ni suke. Idan kuma 'yan'uwana na nan suka tura hoton da ke nuna duk Kirista a matsayin maƙiyin Arewa, nan ma da ni suke. Na ga wannan ƙarara bayan da aka sanar da Kashim Shettima a matsayin ɗan takarar mataimakin Tinubu a watan Yuli na 2022. Tambayar ko tikitin Musulmi da Musulmi ya dace da ƙasa irin tamu tambaya ce ta gaskiya, wadda ya kamata a tattauna ta da hankali, amma cikin kwana kaɗan ta rikiɗe ta zama gasar cin mutuncin masallaci da coci.

Mu mutanen Jihar Kaduna ba mu da uzurin cewa ba mu san inda irin wannan ke kaiwa ba. Rikicin karɓa-karɓa na PDP ya fara ne a matsayin gardamar cikin gida bayan rasuwar Umaru Musa 'Yar'aduwa a 2010. A watan Janairu na 2011 Goodluck Jonathan ya kayar da Atiku a zaɓen fid da gwani da ƙuri'a 2,736 a kan 805, amma kafin nan an riga an mayar da takarar ta zama ta Arewa da Kudu, ta Musulmi da Kirista, a bakin mutane da saƙonnin waya. Bayan zaɓen watan Afrilu, ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa an kashe fiye da mutum 800 cikin kwana uku a jihohi 12 na Arewa, kuma jiharmu ce ta fi kowace asara, daga Zariya har Zonkwa da Kafanchan. Ba na cewa ba'a ce ta kashe su. Abin da nake cewa shi ne, kafin mutum ya iya ɗaga makami a kan maƙwabcinsa, sai an daɗe ana koya masa cewa maƙwabcin abin raini ne.

Malama, akwai abin da zan ƙara a kan misalinki. Masu kare Obama sun yi ta cewa ai ba Musulmi ba ne, kamar dai Musulunci laifi ne da ake wanke mutum daga gare shi. Colin Powell ne, tsohon sakataren harkokin wajen Amurka, a watan Oktoba na 2008, ya fito a talabijin ya tambayi Amurkawa, in ma Musulmin ne, mene ne aibin hakan. Mu ma haka muke yi idan aka ce ɗan takararmu yana da jinin wata ƙabila, sai mu ruga neman takardar asalinsa, mu bar ainihin cin fuskar da aka yi wa ƙabilar ba mu tanka ba.

Amma Baba, ka gafarce ni, akwai inda ma'auninka ya ba ni wahala. Tsufa da ciwo ba zaɓin mutum ba ne, duk da haka ƙasar da ta shiga ruɗani lokacin jinyar 'Yar'aduwa a Saudiyya daga Nuwamba na 2009, ta kuma ga Buhari ya yi fiye da kwana 100 a jere a Landan a 2017, tana da haƙƙin ta tambayi lafiyar mai neman mulkinta.

Dattijon Tudun Wada:

Ɗana, tambayarka a kan hanya take. Ciwo daga Allah ne, ba a yi wa mai shi dariya, amma ɓoye ciwo ga mutanen da kake neman amanarsu aiki ne na zaɓi, kuma a nan ne mai zambo ke da hurumi. A matsa wa ɗan takara ya bayyana rahoton likitansa, a yi wa muƙarrabansa ba'a idan suna ta kwana-kwana. Wanda kuwa ya yanko bidiyon dattijo yana tuntuɓe ya ɗora masa kiɗa, bai ƙara wa mai zaɓe sanin komai ba, kuma duk mai fama da irin wannan lalura a gidajenmu ya ji a jikinsa.

Malamar Kongo:

Akwai wani abu guda, ƙanwata, da ya kamata ki sa a lissafi, wato ba duk mai ba'ar nan ne yake yi don ra'ayin kansa ba. A watan Janairu na 2023 BBC ta wallafa binciken da ya nuna cewa jam'iyyu suna biyan masu tarin mabiya a kafafen sada zumunta a asirce domin su yaɗa labaran ƙarya a kan abokan hamayya, wasu har naira miliyan 20, wasu kuma da alƙawarin kwangila ko muƙami, kuma batun ƙabila da addini yana cikin abin da suka fi amfani da shi saboda shi ya fi saurin tunzura mutane. Sojojin baka na gidajen rediyo aƙalla an san muryarsu, an san ubangidansu, ana iya zuwa a same su. Na intanet kuwa sau da yawa suna ɗauke da sunan aro da hoton aro, wanda ya biya su kuma ba ya bayyana. Saboda haka idan hoton ba'a ya iso wayarki a daidai makon da deleget ke taruwa, kuma kika ga shafuka da dama sun saka shi da kalmomi iri ɗaya cikin awa guda, to akwai alamar daga ofishin kamfe ya fito, ko da wanda ya turo miki ɗan ajinku ne da bai karɓi ko sisi ba.