Saƙonnin shara a sabar imel, da yadda ake ƙwato domen da wa'adinsa ya ƙare

Malam Bashir, Kawo: Salamu alaikum. Masu kula da sabar imel ta ofisoshi da makarantu a Kaduna, kowa ya kawo abin da ya ga yana aiki wajen magance saƙonnin shara. Daga bakin ƙofa ake farawa, wato saƙonni masu shigowa. In manhajar sabar Postfix ce, a kunna postscreen, mai tantance masu haɗuwa da sabar tun kafin a karɓi saƙo, a haɗa shi da ZEN, baƙin jerin adireshin masu aika shara na ƙungiyar Spamhaus. Sai dai kada tambayar da sabar ke yi wa jerin ta bi ta 8.8.8.8, wato DNS (tsarin neman adireshi a intanet) na Google, domin Spamhaus ba ta amsa wa irin waɗannan DNS na kowa da kowa. Lambar kuskure 127.255.255.254 ce ke dawowa, kuma saitin da bai tantance ta ba sai ya kori kowa, har da mutanen kirki. A girka Unbound, manhajar DNS, a kan sabar don ta riƙa yin tambayar da kanta.

Injiniya Hauwa, Barnawa: Wa'alaikumus salam, Malam. Saura saƙonni masu fita. Tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara: mai aika wa Gmail saƙo 5,000 a rana dole ya kasance da SPF (jerin sabar da aka yarda su aika da sunan domen, wato sunan ofis a intanet), DKIM (sa hannu na dijital a kan saƙo) da DMARC (umarnin abin da za a yi da saƙon da bai ci gwajinsu ba), ƙorafi a kansa kuma kada ya kai kashi 0.3 cikin ɗari. SPF ba ya ɗaukar tambayar DNS fiye da 10, da an wuce ya rushe. Makullin DKIM ya zama 2048. DMARC kuwa a fara da p=none, wato sa ido kawai, a karanta rahotanni na 'yan makonni kafin a koma p=reject, wato korar saƙon da bai ci gwaji ba, in ba haka ba takardun biyan kuɗi da wata manhaja ke aikawa da sunan ofis za su ɓace. PTR ma, wato rikodin da ke haɗa adireshin IP (lambar sabar a intanet) da suna, ya dace da sunan sabar, kuma mai adireshin IP ne ke sa shi.

Aminu, Tudun Wada: Yaya Hauwa, in sabar ta shiga baƙin jeri, sau tari ba saiti ba ne, kalmar sirrin ma'aikaci guda aka sace. A duba mailq, wato layin saƙonnin da ke jiran fita. In dubbai sun taru daga akwati ɗaya, a rufe shi tukuna, a share layin, sannan a nemi cirewa daga baƙin jeri. Wanda ya nemi cirewa bai toshe ɓarakar ba, gobe zai koma ciki.

Malam Yusufu, Unguwar Rimi: Batun domen. Na .com in ya ƙare, kamfanin rajista na iya riƙe shi har kwana 45 a sabunta da farashin da aka saba, amma wasu ba sa kai haka. Sai kwana 30 na fansa, da tara mai nauyi. Sai kwana 5 na jiran gogewa, wanda babu mai iya taɓa shi. Na .ng yana ƙarƙashin NiRA, ƙungiyar da ke kula da domen na Najeriya, a tambayi kamfanin rajista wa'adinsa. Babban tarkon shi ne a sa adireshin tunatarwa a kan domen ɗin kansa. Ran da ya faɗi, sanarwa ba ta da inda za ta sauka.

Injiniya Hauwa: In kuma wani ya riga ya saye, saƙonnin sauya kalmar sirri na banki da Facebook wurinsa za su je, don haka a canza adireshin a ko'ina a ranar. In an ƙwato bayan ya zauna hannun wani, a duba shi a DBL, baƙin jerin domen na Spamhaus, a leƙa Wayback Machine, rumbun adana tsofaffin shafukan intanet, a ga me aka ɗora masa, a sake sabon makullin DKIM, a fara aikawa kaɗan-kaɗan.