Wai da gaske ne hankalin ɗalibi minti goma kawai yake iya zama a kan darasi?

sabuwar_malama:

Assalamu alaikum 'yan uwa malamai da iyaye. Dan Allah shawara nake nema, abin ya fara hana ni sukuni. Wannan ne zangona na biyu da fara koyarwa, kimiyya nake ɗauka a ajin 'yan shekara 12 zuwa 13, sun kai arba'in da wani abu, darasin kuma minti 40 ne. Kullum farkon shigata kowa ido a kaina, amma kafin in kai tsakiya sai in ga an fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, wannan na hamma, wancan na zane a bayan littafi, wasu kuma sun zuba min ido amma wallahi kana gani ka san jikin ne kawai a ajin.

Jiya ina bayanin yadda ruwa ke zama tururi ya hau sama ya haɗu ya dawo ƙasa, na gama zana komai a allo na juyo sai na ga wata yarinya wadda ta fi kowa ƙoƙari tana ta juya murfin biro a yatsa idonta na kan taga. Na kira sunanta ta yi firgigit, na ce me na faɗa yanzu, sai ta maimaita min abin da na faɗa tun wajen minti biyar baya. Yarinya ce mai ladabi, ba raini ba ne, kawai hankalin ne ya tafi bata ma sani ba. Abin ya tsaya min a rai har na koma gida.

A wata bita da aka yi mana an ce wai hankalin ɗalibi baya wuce minti 10 zuwa 15 a kan darasi, wani ma ya ce yaran yanzu daƙiƙa 8 ce iyakarsu, wai kifi ma ya fi su. To idan haka ne sauran minti talatin ɗin nawa asara nake kenan? Ko ni ce ban iya ba? Masu gogewa ku taimaka min.

malam_tsohon_hannu:

Wa alaikumussalam 'yata. Kwantar da hankalinki, duk wanda ya taɓa riƙe alli ya ga wannan murfin biron. Na haura shekara ashirin a aji kuma har gobe ina gani.

Maganar minti goma ɗin nan mun daɗe muna jinta, ni ma da ita aka yaye ni, amma da aka zo aka bi diddiginta sai aka ga tushenta ba ƙwari. A 2007 wasu masu bincike biyu, Wilson da Korn, sun tattaro binciken da ake kafa hujja da su suka duba, suka ce babu wata gamsasshiyar shaida cewa hankali na yankewa a minti 10 ko 15. Wanda ya fi burge ni shi ne na 2010 da Bunce da abokan aikinta suka yi da ɗaliban kemistiri a wata jami'a a Amurka. 'Yar na'ura aka ba kowane ɗalibi a hannu, duk lokacin da ya farga hankalinsa ya tafi sai ya danna. Sai aka ga ashe tun a daƙiƙa talatin na farko wasu sun fara dannawa, kuma yawancin tafiyar hankalin gajeriya ce, minti ɗaya ko ƙasa da haka, ya tafi ya dawo ya tafi ya dawo har ƙarshen lacca. Kuma duk sanda malami ya jefa tambaya ko ya yi gwaji a gabansu dannawar sai ta ragu, har ma bayanin da ya biyo bayan gwajin sai su fi binsa.

Kin ga kenan ba wai wani ma'auni ne da ke cika a minti goma ya ƙare ba. Hankali dama fita yake yana shiga, naki ma haka yake yanzu da kike karanta wannan. Matsalar yarinyar nan ba tafiyar ba ce, dawowar ce. Ta dawo ta tarar kin yi nisa, ba ta san ta ina za ta kama ba, sai ta sake komawa taga. Aikinmu shi ne mu riƙa ajiye musu wurin kamawa.

Abin da nake yi, bana wuce minti bakwai ko takwas ina magana ni kaɗai. Sai in tsaya in ce kowa ya rufe littafi ya rubuta abu ɗaya da ya gane a layi biyu, ko ya juya ya faɗa wa na kusa da shi. Minti biyu ya isa. Za a yi 'yar hayaniya kam, ki jure, hayaniyar aiki ce. Sannan ki gyara yadda kike tambaya, kada ki kira suna kafin tambaya domin da kin ce wance sauran arba'in ɗin sun huta. Ki jefa tambayar tukuna, ki yi shiru, sannan ki zaɓa. Shirun nan yana da wuya fa, wata malamar kimiyya Mary Budd Rowe ta auna a farkon shekarun 1970 ta ga malamai kusan daƙiƙa ɗaya kawai muke jira bayan tambaya, da aka ja shi zuwa uku sai amsoshin yara suka ƙara tsawo kuma waɗanda ba sa magana suka fara ɗaga hannu. Ni a zuciyata nake ƙirga biyar.

dalibin_saikoloji:

Malam ya gama magana, ni dai bari in taɓa batun kifin nan don yana ci min rai yadda ake yawo da shi. Asalinsa wani rahoto ne da sashen talla na Microsoft a Kanada ya fitar a 2015, a ciki aka sa cewa wai tsawon maida hankalin mutum a 2000 daƙiƙa 12 ne, a 2013 ya koma 8, kifin kuma 9. To lambar ba ma daga bincikensu ta fito ba, daga wani shafin intanet suka ɗauko, da BBC suka bi sawun maganar a 2017 ba su samu wani bincike na gaske da ta dogara a kai ba. Kuma ki duba da kanki Malama, yaron da aka ce daƙiƙa 8 ce iyakarsa shi ne zai zauna minti 90 yana kallon ƙwallo ko fitsari baya tashi yi.

Abin da yake da iyaka na gaske shi ne yawan sabbin abubuwan da ƙwaƙwalwa ke iya riƙewa tana juya su a lokaci ɗaya. George Miller a 1956 ya ce wajen bakwai ne, daga baya Nelson Cowan a 2001 ya ce abin ya fi kusa da huɗu. Yanzu ki koma darasinki na jiya, zafin rana, tururi, sanyin sama, haɗuwar gajimare, saukar ruwa, ga kuma sabbin sunayensu na kimiyya da yaro bai taɓa ji ba, duk a numfashi ɗaya. Mai yiwuwa yarinyar ba gundura ta yi ba, kanta ne ya cika ta tsaya a inda ta iya ɗauka, shi ya sa ma ta maimaita miki na minti biyar baya daidai. Ni wannan ya nuna min tana tare da ke har zuwa wurin.

Wani abu kuma, tun 1890 William James ya rubuta cewa hankalin da mutum ke tilasta wa kansa baya daɗewa a tsaye, abin da muke kira maida hankali na tsawon lokaci shi ne yawan janyo shi duk sanda ya kauce. Wato tun kafin wayar hannu da talabijin ana fama da wannan.

maman_uku:

Malama sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri, samun malamar da za ta koma gida da damuwar ɗaliba ba ƙaramin abu ba ne. Ni ba malama ba ce uwa ce, kuma ina so ki duba ta wani ɓangaren.

Ɗana na biyu shekara guda cur ana rubuto min a rifot ɗinsa baya maida hankali, wasa ya yi masa yawa. Na yi faɗan na yi nasihar har na gaji, Allah ya yafe min. Wata rana muna zaune na ce ya karanto min lokaci a agogon bango, sai na ga ya tashi ya matso har kusa yana ƙanƙance ido, gabana ya faɗi. Muka je aka auna ashe yaron nan baya ganin nesa, kuma a layin baya yake zama saboda tsayinsa. Duk shekarar nan allon hazo-hazo yake gani, shi kuma ya ɗauka kowa haka yake gani shi ya sa bai taɓa faɗa ba. Da aka yi masa tabarau ranar farko da ya dawo ce min ya yi, Mama ashe malam ƙananan rubutu yake yi a ƙasan allo. Sai da na yi hawaye.

Don haka dan Allah wanda kika ga kullum shi ne, ki matso da shi gaba ki gani, ki lura ko yana ji sosai, ki tambaye shi ƙarfe nawa yake kwanciya. Likitocin barci sun ce yaro ɗan 6 zuwa 12 yana buƙatar awa 9 zuwa 12, ɗan 13 zuwa 18 kuma awa 8 zuwa 10, yara nawa ne ke samun haka? Akwai kuma larurar nan ta kasa maida hankali da rashin zama wuri ɗaya, wato ADHD, da ake cewa tana shafar wajen yaro 5 cikin 100, amma wannan likita ne zai faɗa, kuma sai abin ya bayyana a gida da makaranta duka, ba daga ganin yaro ya kalli taga ba. Kada dai a yi saurin laƙaba wa yaro suna.

injiniya_mai_karatu:

Ni kam da ɗan bambanci a nawa ra'ayin, ku yi haƙuri. Na yarda kifin ƙarya ne amma kada mu fake da hakan mu ce babu abin da ya canza. Ni kaina da ina iya zama awa biyu a kan littafi, yanzu shafi uku hannuna ya kai kan waya ba tare da ta yi ƙara ba ma. Gloria Mark ta jami'ar Kalifoniya a Irvine ta daɗe tana auna tsawon lokacin da mutane ke yi a kan abu ɗaya a fuskar kwamfuta kafin su tsallaka wani, a 2004 wajen minti biyu da rabi ne, a 2012 ya sauko daƙiƙa 75, daga baya ya koma 47. Na san manya ne a wurin aiki aka auna ba yara a aji ba, kuma sabo ne ya canza ba ƙwaƙwalwa ta lalace ba, amma ai sabon shi ne abin tsoron, yaro da shi zai taso. Ba banza ba Faransa ta hana waya a makarantun firamare da ƙananan sakandare tun 2018, Holan ma ta bi sahu a farkon 2024.

Abin da nake tsoro da shawarar a yayyanka darasi shi ne kada a wayi gari malami ya koma mai nishaɗantarwa, kowane minti biyar sai an canza salo kamar gajerun bidiyon nan. To yaushe yaron zai koyi zama da abu mai wuya? Ranar jarabawa awa biyu zai zauna shi da takarda babu mai ce masa juya ka faɗa wa na kusa da kai.

malam_tsohon_hannu:

Injiniya maganarka tana kan hanya kuma ban musa ba. Sai dai tsayawar da nake nufi ba hutu ba ce, rufe littafi ka tuno abin da aka faɗa ya fi sauraro wahala nesa ba kusa ba, gwada ka gani. Zaman dogon lokaci kuma koyar da shi ake yi kamar kowane abu. Ni farkon zango minti biyar nake ba su na karatun shiru ko lissafi kowa shi kaɗai, babu magana babu tambaya, in sa agogo a gabansu. Duk sati biyu in ƙara kaɗan, kafin ƙarshen shekara mafi yawansu suna kai minti ashirin cikin natsuwa. Wanda ka ce wa zauna awa ɗaya tun ranar farko zaman zai yi, amma kai ma ka san inda hankalinsa yake.

sabuwar_malama:

Na gode ƙwarai Baba, na gode Maman uku da sauran 'yan uwa, Allah ya bar zumunci. Yau na gwada a darasi biyu. Na raba bayanin gida uku, bayan na farko na ce a rufe littafi kowa ya zana min abin da ke faruwa da ruwa idan rana ta buge shi. Na zagaya ina dubawa sai na ga kusan rabin ajin sun ɗauka gajimare hayaƙi ne, abin da da ban tsaya ba har jarabawa ba zan sani ba. Yarinyar nan tawa kuwa ita ta fara ɗaga hannu da na yi shirun ƙirga biyar ɗin, ko da yake a uku na kusa karaya in ba da amsar da kaina. Akwai kuma wani yaro a layin baya da na lura yana leƙa littafin maƙwabcinsa duk sanda na yi rubutu a allo, da na ɗauka satar amsa ce, gobe in sha Allah zan dawo da shi gaba in gani.

Damuwata ɗaya yanzu, ban gama abin da na tsara ba, kashi na uku ko taɓa shi ban yi ba aka kaɗa ƙararrawa. Idan na ci gaba a haka anya zan gama silabus kuwa?

malam_tsohon_hannu:

Satin farko da na biyu za ki riƙa makara, dole ne, su ma ba su saba ba, rufe littafi kaɗai sai ya ci minti ɗaya. Daga baya da kin ɗaga hannu sun san me ake nufi. Lokacin kuma zai dawo miki ta wajen bita, don abin da suka zana da hannunsu ba sai kin sake koyar da shi daga farko ba a ƙarshen zango. Ki ɗauki silabus ɗin a daren nan ki sa alama a kan batutuwan da sauran suka dogara a kansu, su za ki ba wannan lokacin, ƙananan kuma ki wuce su da sauri ko ki ba da su aikin gida. Gobe ki fara da kashi na ukun, amma kafin nan ki ba su minti biyu su tuno na yau littafi a rufe. Yaron layin bayan kuma idan kin matso da shi kika ga ya daina leƙen, ki aika a kira iyayensa a auna idon.