Iyakar da ke kan taswira da wadda mutanen gari suka sani: abin da muka gani a aikin ƙidaya

Tsohon malamin firamare, Kano

Assalamu alaikum. Duk lokacin da aka tayar da zancen ƙidayar jama'a, hankalinmu yakan tafi ne kan jimilla, wato miliyan 140 da ɗoriya da aka samu a 2006, da kuma gardamar da ta biyo baya tsakanin Kano da Legas. Ba kasafai ake maganar yadda ake yanka ƙasar gunduwa-gunduwa tun kafin a ƙirga mutum ko ɗaya ba. Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa takan raba kowace ƙaramar hukuma cikin 774 ɗin nan zuwa ƙananan yankunan ƙidaya, kowanne daidai gwargwadon abin da ma'aikata za su iya gamawa cikin kwanakin aikin, sannan a haɗa yankuna kaɗan a ƙarƙashin mai sa ido guda.

Na yi wannan aikin a watan Maris na 2006 a wata unguwa ta bayan gari. Taswirar da aka damƙa mini zanen hannu ce, kuma alamomin iyakata su ne kwalbati daga gabas, wata tsohuwar tsamiya daga arewa, sai fili da aka rubuta gonaki daga yamma. Da na isa, kwalbatin na nan, amma tsamiyar an sare ta, sai da mai unguwa ya kai ni ya nuna mini kututturenta a cikin harabar wani gida. Gonakin kuwa an yanka su fuloti, har wasu sun tare a ginin da ko ƙofa ba a sa masa ba. Na wuni ina rubuta lamba da alli a jikin bango, kuma da mai sa idonmu bai zo ya tsayar mana da inda nawa yankin ya ƙare ba, da ni da abokin aikina na maƙwabcin yanki mun bar waɗannan sababbin gidaje, kowa yana zaton na ɗan'uwansa ne. Ina roƙon waɗanda suka taɓa aikin, ko aka ƙirga su, su ba mu nasu labarin.

Ma'aikaciyar lafiya, Zariya

Wa alaikumus salam, Malam. Ni a cikin birni aka tura ni, inda matsalar ba ta sababbin gine-gine ba ce, ta lunguna ce. Akwai wani babban gida na gado da ke da zaure biyu, ɗaya yana kallon lungun da ke yankina, ɗayan kuma yana fita ta lungun baya, wanda ke hannun wasu ma'aikatan. Su sun shiga ta can, ni na shiga ta nan, muka yi kiciɓis a tsakar gida kusa da rijiya. Abin da ya raba gardamar shi ne tawadar da ake shafa wa duk wanda aka ƙirga a babban yatsa, domin wasu yaran har sun sake shiga layina, ko dai don wasa ko don an ce su yi hakan.

Abu na biyu shi ne abin da ake nufi da iyali. A wajen horo an koya mana cewa waɗanda ke ci daga tukunya ɗaya su ne iyali ɗaya, ba waɗanda ke shiga ta ƙofa ɗaya ba. A wannan gidan kuwa akwai dattijo da 'ya'yansa maza huɗu, biyu sun ware tukunyarsu, biyu kuma har lokacin suna gandu da mahaifinsu. Da na tambayi uwargidan wa ke dafa wa wa, sai ta ce, "'Yar nan, ai duk gidan Baba ne." Sai da na zauna a tabarma muka bi murhu ɗaya bayan ɗaya kafin lissafin ya fito. Abokin aikina namiji yana zaure duk tsawon lokacin, tunda gidan kulle ne, kuma a ganina da babu mace a cikinmu, da abin da maigida ya faɗa daga ƙofa kawai za a rubuta.

Mai safiyo, Dutse

Hajiya, abin da kika faɗa na gida mai ƙofa biyu yana cikin dalilan da suka sa aka sauya salo a shirin ƙidayar 2023, wadda aka sa za a yi a watan Mayu kafin a ɗage ta ana saura 'yan kwanaki. Ina cikin waɗanda suka yi aikin shata yankunan. Mun yi amfani da hoton tauraron ɗan'adam a na'urar hannu, muna taka iyakar da ƙafa muna ɗaukar matsayin kowane gini, don haka ko an sare bishiyar Malam, layin yana nan inda yake.

Sai dai na'ura ba ta raba rigimar da ta girme ta. Ƙa'idar ita ce yankin ƙidaya ba ya tsallaka iyakar ƙaramar hukuma, balle ta jiha, amma a karkara mutane da iyakar hakimi da dagaci suka saba. Mun isa wani ƙauye da ke kan iyakar da ta samu bayan an cire Jigawa daga Kano a 1991. Bisa takarda yana ɓangare ɗaya, amma kakanninsu daga ɗaya ɓangaren suka taso, can suke cin kasuwa, can suke kai ƙara, kuma dagacin can suke kai wa gaisuwar salla. Dattawan suka ce ba za a sa su ƙarƙashin wanda ba su taɓa yi wa mubaya'a ba. Kwana biyu muka yi ana zama a gindin dalbejiya, sai da wakilan hakimai biyu suka zo aka fahimtar da su cewa layinmu bai cire kowa daga hannun sarkinsa ba. Ban ga laifinsu ba, domin sun san cewa da yawan jama'a ake duba rabon kuɗin tarayya da yanka mazaɓu, kuma ƙauyen da aka haɗe sunansa cikin na maƙwabcinsa yakan sha wuya ranar da ya je neman asibiti ko rijiyar burtsatse.

Ɗan kasuwa, Agege

Ranka ya daɗe, ni ƙirga ni aka yi, ban ƙirga kowa ba. A 2006 dokar ita ce a ƙirga mutum a inda aka gan shi da ido, shi ya sa ana saura mako guda tashoshin mota suka cika da masu komawa garuruwansu, 'yan Arewa da 'yan Gabas baki ɗaya. Mahaifina ya aiko mini har sau biyu cewa in dawo kada a rage mana yawa, amma kayan da na saro ba su ƙare ba. Da aka hana zirga-zirga ina ɗakina, nan aka shafa mini tawada, na shiga lissafin Legas, matata da 'ya'yana kuma suka shiga na Katsina.

Malamin makaranta, Maraɗi

Alhaji, da a wajenmu ne, da wataƙila sunanka ya fito a gida. Na yi aikin ƙidayar Nijar ta watan Disamba na 2012, wadda ta ba da mutum miliyan 17 da 'yan kai. Mu ma an raba ƙasar yanki-yanki a ƙarƙashin kowace ƙaramar hukuma, amma takardarmu tana da gurbin mazaunin gida da ke nan, da mazaunin da ya yi tafiya bai daɗe ba, da kuma baƙo. Wannan ya yi amfani ƙwarai, domin lokacin an gama girbi, samari da yawa sun tafi ci-rani Kano da Legas da Agadas.

Wahalar da na sha ta makiyaya ce, a arewacin Dakoro. An sa mini wata ruga a taswira kusa da wata rijiya, amma da muka je sai toka da kashin shanu muka tarar. Wani yaro mai ban ruwan jakai ya ce sun yi kudu kwana tara da suka wuce. Ardonsu ya ba mu ɗan rakiya, muka cim musu a kan babur bayan la'asar, sai dai inda suka sauka ya riga ya fita daga yankina. Da ƙyar muka samu mai sa ido a waya, ya ce in ƙirga su a nan take in rubuta masa bayani a gefe, shi zai sanar da ma'aikacin wancan yankin. Kafin maigidan ya yarda ya faɗi sunan ko da ɗa ɗaya, sai da na rantse masa cewa babu gurbin shanu a takardar, har na miƙa masa ita ya juya gaba da baya, ko da yake ba ya karanta Faransanci.