Man darbejiya a ajiyar wake: me kuka gani da idonku?

Manomi daga Gezawa: Assalamu alaikum. Bana na samu buhu shida na farin wake, ina son ya kai bazara, amma ba na son in sake zuba masa fiya-fiya, tun da na ji cewa ragowar irin wannan gubar ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015. Waɗanda suka gwada darbejiya, don Allah ku faɗa mana yadda kuka ƙare.

Manomiya daga Maraɗi: Wa alaikumus salam, Malam. Mu a nan bedi muke ce mata, kuma da man ƙwallonta nake aiki. Nakan tsince 'ya'yan da suka nuna suka faɗo, in wanke, in shanya a inuwa, in fasa in daka ƙwayar har ta yi laushi, sannan in riƙa murzawa da ɗan ruwan ɗumi har mai ya tsattsafo. Ƙaramin cokali ɗaya nake sa wa kowace tiyar wake, in cuɗa da hannu har kowace ƙwaya ta yi sheƙi. Wata biyar waken bara ya yi ban ga huji ba. Sai dai akwai ɗaci, dole a wanke shi da ruwan ɗumi kafin a ɗora tukunya.

Dattijo daga Bichi: Ni busasshen ganyen kawai na shimfiɗa tsakanin buhuna, kuma kafin wata uku ƙwari sun cinye mini kusan rabin buhu. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, toka da ganyen tsiron nan bunsurun fadama yake sawa a rumbu.

Malamin gona daga Zariya: Baba, Allah ya mayar da alheri. Sinadarin da ke yin aikin, wato azadiraktin, ya fi yawa a ƙwallo fiye da ganye, kuma ba ya kashewa nan take. Hana ƙwaro ci da girma yake yi, shi kuma man yakan lulluɓe ƙwan da aka saka a bayan wake ya hana shi ƙyanƙyashewa. Inda na taɓa yin kuskure shi ne da na shafa wa waken da tsutsa ta riga ta shige cikinsa tun daga gona. Yanzu sai na baza shi a rana mai zafi ya bushe ƙamas, na tsince mai huji, kafin mai ya taɓa shi.

Manomi daga Gezawa: Na gode ƙwarai. Hajiya, tiya nawa ta ƙwallon za ta ba ni man da zai ishi buhu shida?